Hular haske a kawunanmu: jinin fata take aunawa ko aikin ƙwaƙwalwa?

A shekarar 2011 wasu masu bincike a Japan, Takahashi da abokan aikinsa, suka wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi da ya dagula lissafin masu auna aikin ƙwaƙwalwa da haske. Sun ɗaura wa mutane na'urar a goshi, suka ce kowa ya yi ta kawo kalmomin da suka fara da wata gaɓa, iya yawan da ya samu. Na'ura ta nuna abin da aka saba gani: jini mai ɗauke da oksijin ya ƙaru, alamar da aka daɗe ana fassarawa da cewa gaban ƙwaƙwalwa ya kama aiki. Sai suka danne fatar goshi a ɗan wurin da ke tsakanin fitilar na'urar da idonta mai karɓar hasken, yadda jini ba zai gudana a fatar ba, aka sake gwaji. Alamar ta ɓace. Mutum yana nan yana ta laluben kalmomi, ƙwaƙwalwarsa ba ta huta ba, amma layin da ke kan allo ya kwanta. Hukuncin da suka yanke shi ne, kaso mafi girma na abin da ake gani a goshi a irin wannan gwaji jinin fata ne.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi, shekara biyu kafin nan, a 2009, hukumomin lafiya na Japan sun amince likita ya riƙa taimaka wa kansa da wannan gwajin na kalmomi wajen bambance ciwon damuwa da wasu cututtukan taɓin hankali masu kama da shi. A 2014 kuma inshorar lafiyar ƙasar ta fara biyan kuɗinsa. Ana gaya wa marar lafiya magana a kan ƙwaƙwalwarsa ke nan, alhali masana ba su gama daidaitawa a kan ko ita aka auna ba.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ke Gadarif da Kasala da Sinnar a Sudan, ƙasar da yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya rufe asibitoci, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 70 cikin ɗari na cibiyoyin lafiya a yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Rashin da muke ciki shi ne ma zai kawo mana na'urar. MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, irin ta manyan asibitoci nauyinta tan-tan ne, maganaɗisunta sai an sanyaya shi da ruwan iskar hiliyom, tana son wutar da ba ta yankewa, wanda za a duba kuma sai ya kwanta a ciki bai motsa ba, abin da yaro ɗan shekara biyu ba zai yi ba sai da maganin barci. Ita kuwa wannan, wadda masana ke taƙaita sunanta da fNIRS, hula ce mai wayoyi da ɗan akwati. Wasu samfuranta suna shiga jakar goyo, suna aiki da batir, jariri yana zaune a cinyar uwarsa ake auna shi.

An riga an gwada ta a wurare irin namu. A 2013 Farfesa Clare Elwell da Sarah Lloyd-Fox da abokan aikinsu suka ɗauko ta daga Landan zuwa ƙauyen Keneba a Gambiya, suka auna jarirai 'yan wata huɗu zuwa takwas suna kallon bidiyon manya na yi musu wasa. Ɓangaren da ke amsawa a ƙwaƙwalwar jariran Ingila shi ne ya amsa a tasu. Daga nan aka kafa shirin BRIGHT da kuɗin Gidauniyar Gates, aka bi jarirai kimanin 200 a Gambiya da kimanin 60 a Kambirij ta Ingila. An yi makamancinsa a Bangaladash da Kodebuwa da Gini Bisau, kuma tambayar kusan ɗaya ce: me talauci da rashin abinci suke yi wa ƙwaƙwalwar yaro tana cikin girma? A ƙasar da aka tabbatar da fari na yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur cikin Agustan 2024, ba sai an yi duba ba kafin a san cewa ranar da bindiga ta lafa za a zo da wannan tambayar, kuma yaran Mai Wurno da na unguwannin Hausawa a Gadarif da Damazin suna cikin waɗanda za a sa wa hular. Ina murna da zuwanta. Abin da nake tsoro shi ne ta zo da kura-kuranta mu karɓa ido rufe.

Yadda take aiki bai da wuyar ganewa. Ka rufe bakin tocila da tafin hannu cikin duhu, ja kaɗai za ka ga ya ɓullo, don jini ya shanye shuɗi da kore. Daga ja mai duhu zuwa hasken ƙasan ja wanda ido ba ya gani, wajen nanomita 650 zuwa 950 a ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi, akwai wata kafa: jini ba ya shanye hasken duka, ruwan jiki ma bai fara shansa sosai ba, don haka yana ratsa fata da ƙashi. Frans Jöbsis na Jami'ar Duke a Amurka ne ya nuna a 1977 cewa ta wannan kafar ana iya bin sawun oksijin a ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba. A 1993 kuma Britton Chance a Amurka, da Arno Villringer a Jamus, da Hoshi da Tamura da Kato a Japan, kowane ɓangare ya wallafa cewa ana ganin canji sa'ad da mutum yake tunani ko kallo.

Sirrin yana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini. Wanda ke ɗauke da oksijin da wanda ya sauke ba sa shan haske iri ɗaya. Wajen nanomita 800 suke yin kunnen doki. Ƙasa da haka wanda ya sauke ya fi sha, sama da haka mai ɗauke ya fi. Shi ya sa na'ura ke aika launi biyu, misali 760 da 850, ta lissafo kowanne daban. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗinsa. Duk ɓangaren da ya kama aiki, hanyoyin jinin da ke kusa da shi sai su buɗe, jini ya kwararo fiye da buƙata, mai oksijin ya hau, wanda ya sauke ya ɗan ragu, abin ya kai ƙololuwa bayan daƙiƙa biyar zuwa shida. Ashe hular ba ta ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kansu. Jinin da ya biyo bayan aikinsu take gani, shi ma a makare.

Daga nan matsalar ta faro. Ana ɗora fitila da ido a kan fata, tsakaninsu kimanin santimita 3 ga baligi. Haske ya shiga ya warwatse, ɗan kaɗan daga cikinsa ya lanƙwaso ya fito a bakin idon, bayan ya nitsa santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Saman ƙwaƙwalwa kawai yake shafa, can ciki ba ya zuwa. Kafin ya shafe shi kuwa sai ya ratsa fatar kai da ƙoƙon kai, in zai fito ya sake ratsa su, mafi yawan tafiyarsa a nan take ƙarewa. Fatar kai kuma cike take da jini. Kowane wanzami ya san yadda ɗan kuskuren aska a ka ke zuba. Jinin nan ba ya zama wuri ɗaya. Zuciya tana tura shi kusan sau ɗaya a daƙiƙa, numfashi yana ɗaga shi yana saukewa, ƙarfin bugun jini kuma yana da wani kai-komo nasa duk bayan kamar daƙiƙa goma, wanda aka sa wa sunan Siegmund Mayer. Na zuciya yana da sauri, tace shi ba wuya. Na Mayer shi ne ɗan rigima, domin saurinsa ya yi kusa da na amsar ƙwaƙwalwar da ake nema. Saboda shi ne ake bambanta tsawon hutun da ke tsakanin zagayen gwaji, kada su riƙa faɗawa tare.

Wanda ya fi su duka illa shi ne wanda aikin da aka ba mutum yake tayarwa da kansa. Ka zaunar da dattijo gaban baƙo, an ɗaura masa wayoyi a ka, ka ce ya yi lissafi da baki. Gabansa zai faɗi, zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau fuska da goshi, duk a daidai lokacin da aka ce ya fara, su lafa a lokacin da aka ce ya tsaya. Hayaniyar da ke zuwa barkatai, in aka maimaita gwaji sau da yawa aka ɗauki matsakaici, tana kashe kanta. Wannan kuwa maimaitawa ƙarfafa ta yake yi, tunda tare da aikin take tashi. Ilias Tachtsidis na Landan da Felix Scholkmann na Zurik sun yi bayani a 2016 cewa ɓarnar ta fuska biyu ce: tana nuna aiki inda babu, tana kuma rufe aikin da yake akwai.

Maganin da ya fi karɓuwa Saager da Berger na Jami'ar Rochester suka kawo shi a 2005. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif ba mai sayen riɗin da zai biya kuɗin nauyin buhu. Ana sanin nauyin buhun a cire, abin da ya rage shi ne riɗi. Haka ake yi a nan. Kusa da fitila ana dasa wani idon na biyu, kusa ainun yadda hasken da zai iso gare shi bai kai ƙwaƙwalwa ba, fata kawai ya gani. Wannan gajeren zangon shi ke ba da nauyin buhu, a cire shi daga abin da dogon zango ya kawo. Brigadoi da Cooper sun lissafa a 2015 cewa tazarar da ta dace ga baligi kimanin milimita 8 ce. Sai dai buhun nan nauyinsa yana canzawa kowace daƙiƙa, kuma na goshi daban, na ƙeya daban, don haka gajeren zango ɗaya bai isa kai guda ba, sai an baza su kusa da wuraren da ake aunawa. Ga jarirai kuma, da yake fatarsu da ƙoƙon kansu ba kauri, milimita 8 ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Lissafin ya ce sai kusan milimita 2, tazarar da ke da wuyar ƙerawa, wanda ya yi amfani da ta manya a kansu kuwa zai cire wani ɓangare na abin da ya zo nema.

Ra'ayina a nan ba shi da lauje cikin naɗi. Duk sakamakon da aka samo daga goshin baligi ba tare da gajeren zango ba, ban ga dalilin da zai sa a gina shawarar magani a kansa ba. Jami'a ko asibitin da zai sayi na'urar ya tabbata yana cikin kayan. Ana yawan jarabtuwa a bar shi, domin kowane ido da aka ba fata ragi ne a cikin waɗanda za su duba ƙwaƙwalwa, hoton da za a nuna wa mai ba da kuɗi kuma sai ya ƙanƙance.

Ko da an cire na fata, da saura. Hanyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa kanta suna amsa wa abubuwan da ba tunani ba, musamman iskar kabon dayoksaid: ta taru a jini su buɗe, ta ragu su tsuke. Magana kaɗai tana canza numfashi. Na tabbata cikin abubuwan farko da wani ɗalibinmu zai so aunawa akwai ƙwaƙwalwar mahaddaci yana tilawa, kuma tambaya ce mai daraja. To amma alaramma yana jan numfashi mai tsawo, ya riƙe shi har ƙarshen aya, ya ja madda, sau da yawa yana rangaji. Kowanne daga cikin waɗannan zai motsa layin allo sosai ko da ƙwaƙwalwa ba ta yi wani sabon abu ba, gajeren zango kuma ba zai share shi duka ba tunda a ciki yake faruwa. Mai son amsar gaskiya sai ya ɗaura ɗamarar auna numfashi a ƙirji, ya auna iskar da ke fita ta hanci da ƙarfin bugun jini a yatsa, sannan ya kwatanta da wani karatun da ake yi da irin wannan numfashin. In ba haka ba zai fito da sakamako mai daɗin ji da za a yi ta yaɗawa a WhatsApp, alhali huhu ya auna.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya shafi kowane kai a duniya. Akwai kuma wanda ya fi shafar namu.

Melanin, sinadarin da ya ba mu launin fata da na gashi, shi ma yana shan wannan haske. Lissafin na'urar canji yake bi, kuma launin mutum ba ya canzawa daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa, don haka a takarda duhun fata bai kamata ya karkatar da sakamako ba. A aikace hasken da ke dawowa yana raguwa, in ya ragu da yawa sai ɗan motsin da ake nema ya nitse cikin hayaniyar da na'urar kanta ke yi. Kuma ragin ba daidai yake faɗa wa launukan biyu ba. Melanin ya fi shan na ƙasa, irin 760, wanda shi ne ya fi ɗauko labarin himogulobin da ya sauke oksijin. Shi kuwa wannan himogulobin, bincike ya nuna jinin fata bai cika gurɓata shi kamar ɗan'uwansa ba. Ma'aunin da ya fi tsabta ke nan ya zama shi ne ya fi raunana a kanmu. Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna da 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wadda ita ma da launi biyu na haske take aiki. A Disambar 2020 Michael Sjoding da abokansa na Jami'ar Michigan suka nuna cewa cikin awon da na'urar ta ce oksijin yana tsakanin 92 da 96, gwajin jini ya gano yana ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin ɗari ga baƙaƙen fata, ga farare kuwa kashi 3.6. An shekara da shekaru ana amfani da ita a asibitoci kafin maganar ta shiga kunnen jama'a.

Gashi ya fi fata ba da wahala. Baƙi ne, yana shan haske, ga shi a murɗe, yana tokare kan fitila ya hana shi taɓa fata. Ta ratar da ya bari hasken waje yake shiga, hasken rana kuwa cike yake da irin wanda na'urar ke nema. Akwai hanyar gane an samu haɗuwa, wadda Luca Pollonini na Houston ya tsara a 2014: in bugun zuciya ya fito sarai a launukan biyu a lokaci guda, fitila ta zauna, in bai fito ba, layin da ke motsi a allo ba daga jikin mutum yake ba. Kowane zango sai an yi masa wannan binciken kafin a fara, wanda ya gaza a ɗaga a raba gashin a sake dasawa. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa a ɗakunan bincike da yawa hanya mafi sauƙi ita ce a sallami mai irin gashinmu a kira na gaba. Jasmine Kwasa da abokan aikinta sun bi takardun da aka wallafa, suka ruwaito a 2023 cewa mafi yawansu ba sa faɗin launin fata ko irin gashin waɗanda aka auna, balle na waɗanda aka cire.

A wannan gaɓar muna da abin da Boston da Zurik ba su da shi a ƙofar gida, wato masu kitso. A Jami'ar Carnegie Mellon, Arnelle Etienne da abokanta sun ƙera wa na'urar EEG, mai auna motsin lantarki na ƙwaƙwalwa, wasu maƙalai da ke zama a tsagar kitso, don a nan fata take a buɗe. Dabarar tana yi wa hular haske amfani, da sharaɗin tsagar ta bi layin fitilun. Kitson da aka zo da shi daga gida ba lalle ya dace da ramukan hular ba, mai kauri ma ɗaga ta yake yi. Abin da ya kamata shi ne a zana wa mai kitso taswirar layukan, ta yi kitson a kai, a biya ta, a saka kuɗinta cikin kasafin bincike tun farko kamar na kowane ma'aikaci. Matar da ta wuni ana yi mata kitso ba za ta tsefe shi don gwajin rabin awa ba, kuma ba za ta cire ɗankwali gaban namijin da ba muharraminta ba. In babu ma'aikaciya mace da ɗaki mai sirri, mata za su ƙi zuwa, rahoto kuma ya fito kamar su ma an auna su. Ga wani tarkon da ya keɓanta da mu: yaranmu maza aski ƙwal ake yi musu, mata kuwa da kitso da man karkar. Awon maza zai fito fes, na mata da hayaniya, wanda bai lura ba sai ya rubuta cewa ƙwaƙwalwar 'yan mata ba ta amsawa kamar ta maza. Tabon sujada ma a rubuta shi, tunda fata ce mai kauri da duhu a daidai inda fitilun goshi ke zama.

Sai zafi. Cikin yanayi mai daɗi jinin da ke bi ta fatar jiki duka bai fi kwatar lita a minti ba, amma a tsananin zafi yakan kai lita bakwai zuwa takwas. Gadarif a watan Afrilu tana haura digiri 40, ga baƙar hular da ake rufawa a sama don tare hasken rana tana ƙara gumi, gumi kuma yana sa fitila zamewa. Dabarun share jinin fata a ɗakuna masu na'urar sanyi aka gwada su. Dole a zaɓi safiya, a bar mutum ya huce bayan ya iso, a rubuta zafin ɗaki. Dole kuma a yi tambayoyin da fam ɗin da aka kwafo daga waje ba zai ƙunsa ba: "Baba Alhaji, ka sha jabana yau? Kofi nawa? Kana sa tumbak? Kana azumi?" Kafeyin da ke cikin kofi biyu ko uku na jabana, wato gahawa, yana rage jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, nikotin ɗin tumbak, tabar da ake sawa a leɓe, yana tsuke hanyoyin jinin fata, mai azumin da ya saba da gahawar safe kuma jikinsa yana wani hali daban da la'asar.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne ainihin binciken da za a zo yi, na kwatanta yaran da suka sha yunwa da waɗanda ba su sha ba. Na'urar himogulobin take ƙirgawa. Yaron da ke da giram 8 na himogulobin a kowace desilita ta jini da mai giram 12, ko da ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu sun yi aiki iri ɗaya, jinin da ya kwararo ba ɗaya yake ɗauke da shi ba. Su wa ke da ƙarancin jini? Su ne dai waɗanda suka sha yunwa, da zazzaɓin cizon sauro, da cutar kala-azar mai kumbura saifa, wadda jihar Gadarif ke cikin manyan matattarta a duniya. Mai sikila kuma, kuma muna da su da yawa, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa a buɗe suke tun yana hutawa, sauran wurin ƙarin buɗewa kaɗan ne. A ɗaya gefen, yunwa mai tsanani tana sa gashi ya yi ja ya yi sharara, kai ya zama ƙarami, waɗannan kuwa suna iya sauƙaƙa wa haske isa ciki. Wasu abubuwan suna rage alamar, wasu suna ƙara ta, kuma dukkansu tare da yunwar suke tafiya. In aka ga bambanci tsakanin rukunin biyu ba a auna waɗannan ba, babu mai iya rantsuwa daga ƙwaƙwalwa ya fito. Gyaran bai da tsada: ɗigon jini daga yatsa, tef a zagaye kai, da tambayar uwa, "Inna, ya yi zazzaɓi a 'yan kwanakin nan?"

Dasa hular a wuri ɗaya kullum ma aiki ne. Ana bin tsarin da Herbert Jasper ya wallafa a 1958 don EEG, a auna daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a raba. Ta goce da santimita ɗaya, wani lungun ƙwaƙwalwa ake kallo. Yanzu ana iya zagaye kai da kyamarar waya a fitar da matsayin kowace fitila, kuma ya kamata ya zama al'ada, musamman in za a bi yaro wata da watanni kansa yana girma.

Bayan an tattara bayanai akwai zaɓe-zaɓe masu yawa: wane zango za a zubar, yaya za a gyara inda mutum ya ɗaga gira ko ya yi hamma, wane lissafi za a bi. An gwada nauyin wannan a wani aiki da aka wallafa a 2025, inda aka ba ƙungiyoyin bincike 38 bayanai iri ɗaya kowa ya yi nazarinsa. A kan sakamakon rukuni kusan kashi 80 cikin ɗari sun yi ittifaƙi, musamman inda tambayar ta riga ta samu goyon bayan binciken baya. A kan mutum ɗaya-ɗaya kuwa saɓani ya fi yawa, kuma cikin manyan dalilansa akwai yadda kowa ya yi da bayanai marasa kyau. Darasin da ke nan ga likitocinmu a fili yake: na'urar ta kai ta yi magana a kan yara ɗari, ba ta kai ta yanke wa yaro guda hukunci daga zama ɗaya ba. Uwar da aka gaya wa ƙwaƙwalwar ɗanta ta samu rauni za ta riƙe maganar har ya girma, ta shafi karatunsa da yadda gida ke kallonsa. Ka'idojin wallafa da Meryem Yücel da abokanta suka fitar a 2021 sun nemi a bayyana kowane mataki da aka bi, a kuma kawo sakamakon himogulobin iri biyun, ba wanda ya fi kyan gani kaɗai ba. Zan ƙara da cewa a rubuta tsarin nazari a ajiye kafin a ga bayanai.

Sannan a ƙirga waɗanda aka cire. A binciken jarirai da wannan na'ura, kusan ɗaya cikin uku ba ya shiga lissafin ƙarshe, saboda kuka ko motsi ko rashin kyan awo. A Landan wannan asarar lokaci ce. A sansanin gudun hijira, yaron da ba ya iya zama, mai firgita da baƙo, mai fizge hula, shi ne wataƙila yaƙin ya fi taɓawa. In aka zubar da irinsa ba a faɗa ba, rahoto zai nuna ɓarnar ba ta kai yadda take ba. Kwamitin da'ar bincike na kowace jami'a a ƙasar nan ya kamata ya ƙi sa hannu sai an yi alkawarin kawo adadin waɗanda aka cire, da dalili, da jinsinsu, da irin gashinsu da halin jininsu.

Akwai na'urori masu zurfin fasaha da ke rage wasu matsalolin. Wadda masana a Milan ta Italiya suka daɗe suna ingantawa tana harba haske a ɗan ƙyaftawa ta auna lokacin dawowarsa, wanda ya makara shi ne ya yi zurfi. Ta Jami'ar Washington da ke St. Louis kuma tana cika kai da fitilu masu yawa har a fitar da hoto mai kusantar na MRI. Suna da tsada, kuma gashi yana tokare su kamar sauran. Abin da ke hannunmu yanzu ya fi su araha. Manhajojin nazari irin Homer da MNE kyauta ne, akwai kuma bayanan gwaji da aka saki a intanet, don haka ɗaliban injiniyan kayan asibiti na Khartum da Wad Madani da yaƙi ya watsa za su iya koyon aikin da kwamfutar cinya tun na'urar ba ta iso ba. In ta iso, gwajin farko ya zama wanda aka riga aka san amsarsa: mutum ya motsa yatsun hannun dama, ɓangaren motsi na hagu ya amsa. A yi shi a kan maza masu aski da mata masu kitso, da safe da kuma rana, a cire hula a sake dasawa, a maimaita bayan mako guda a kan mutanen nan dai, a wallafa yawan lokutan da amsar ta fito daidai da yawan waɗanda ta kauce. Sai an ga wannan adadin sannan a kai hular cibiyar ciyar da yara.